Gonar Dogo

Ana idar da sallar asuba muka bar gida, ni da Baba, muka nufi bakin gudoro, wato titin kwalta, inda motocin Maradi ke lodi a Gazawa. Duk wadda ta san ni ta san ba ni da ƙafar yawo. Daga ɗakina sai madafa, sai gidan suna ko gaisuwar mutuwa in ta kama. Agiye ma da ke nan kusa, sau nawa na je? To ga ni da ƙunshin kaya a ka, zan tsallake Maradi har ƙasar Gobir. Tun da na dawo matan unguwa ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace sai na soma mata daga farko, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ga abin da ya tashe mu. Baba ba haifaffen Gazawa ba ne. Asalinsa wani ƙauye ne kusa da Gidan Sori, awon gyaɗa ya kawo shi gabas yana saurayi, ya yi aure ya zauna. A can ƙauyen ƙanwa guda ta rage masa, Gwaggo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗiyanta maza suna Najeriya neman na kansu, kuma abin da take ci ita da jikoki uku daga gona ɗaya yake fitowa, wadda kowa a garin ke kira gonar dogo. Sai ga saƙo ta bakin wani ɗan kasuwa, wai jikan wani marigayi da ake kira Dogo ya kai ƙara wurin mai gari, ya ce gonar ta kakansa ce, ga sunansa ma a kanta. Mai gari ya hana kowa saka iri a ciki sai an raba gardama, ga shi hadari ya soma haɗowa da maraice. In ruwan shuka ya sauka ba a yi hukunci ba, Gwaggo ta rasa damana. In an yi ya faɗa wa wancan, ta rasa gonar ɗungurungum. Dattawan da suka ga farkon maganar da idonsu duk sun ƙare, sai Baba.

Ni kuwa don kunne aka ɗauko ni. Kunnen Baba na hagu ya mutu, na daman ma sai an matso, kuma a gidan duka muryata kaɗai yake kamawa ba sai an ɗaga ba. Yayyena maza sun so su raka shi, ya ce su zauna su share gonakinsu, shi kunne yake nema ba sanda ba.

Sammakon namu bai amfane mu da komai ba, don motar ba ta cika ba sai da rana ta ɗago. Direba ya karɓi jika ɗaya da rabi, sefa dubu da ɗari biyar, kowane kai, ya ce laifin man Najeriya ne da ya yi wuya. An ba Baba gaba don girmansa, ya ƙi, ya ce ba ya rabuwa da kunnensa, muka matsu a baya tsakanin wata mai jego da buhun barkono. Na yi atishawa har Agiye. Hanya lafiya lau, gonaki duk an share an ƙone, ƙasa fes tana jiran ruwa. Kusan kowane ƙauye muka wuce akwai tutocin parti a kan itatuwa, rana ta cinye launinsu tun zaɓe, sai ka matso kake gane ta wane ce.

A shingen Agiye jandarma ya leƙo ya karɓi takardu. Da ya ga shekarun Baba sai ya sassauta murya ya tambaye shi ina zuwa da wannan zafi. Na raɗa masa tambayar, shi kuwa ya amsa da ƙarfi yadda kurame ke yi, ya ce shaidar jirgin ƙasa zai je bayarwa. Jandarman ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, “A Nijar ɗin nan, Baba? To in kun gan shi ku riƙe mini wuri.” Mota duka ta ɗauki dariya.

Wannan ne ya buɗe baki. Wani mai hular parti da ke gabanmu ya juyo ya ce ai ba abin dariya ba ne, ɗan takararsu ya yi alkawarin jawo layin dogo har Maradi. Wani ya ce nasu ne ya riga faɗi. Tun da aka yi babban taron ƙasa kowa ya sami baki, ko a mota ba a zama shiru. Na taƙaita wa Baba gardamar, ya yi murmushi ya ce su kwantar da hankali, an auna wa jirgin hanya tun ba a haifi ƴan takarar ba. Daga nan har Cadawa shi ke magana, mota na saurare, har direba ya rage rediyo.

Ya ce yana ɗan samari nasara biyu suka sauka a garinsu da tafinta da wani madubi mai ƙafa uku. Suka ce dogon da Ingilishi suka kawo Ƙauran Namoda za a ƙaro shi arewa, ya ratso ta nan ya kai Maradi, ya riƙa kwasar gyaɗa maimakon raƙuma da jakai. Aka ɗebi samari aikin tilas, wasu na sare kalgo da sabara, shi kuwa aka ba shi bakin sarƙar awo ya riƙe. Duk inda sarƙa ta kai adadin da suke so sai a kafa turken siminti. Layin bai kauce wa gonar kowa ba, miƙe yake kamar zaren da aka ja, kuma komanda, nasaran da ke mulkin yankin, ya aiko cewa duk wanda ya yi shuka tsakanin turakun sai gidan kaso. Aka yi ta jira. Har an nuna inda tasha za ta zauna, wani mahauci ya riga kowa kafa rumfa a wurin, ya yi kwana arba'in yana sayar wa iska tsire. Nasara suka tafi, aka sami mulkin kai, jirgi bai zo ba, amma tsoron gwamnati ya sa shekara da shekaru ba wanda ya taɓa filin. Shi Baba sau ɗaya ya ga jirgin na gaske, da ya kai gyaɗa Ƙaura bisa jakai, ya ce da ya yi kuka jakinsa guda ya zubar da kaya ya kama hanyar gida. Ni dai har yau a hoton littafin lakol, wato makaranta, kawai na san shi.

A Cadawa aka tsaya sauke mai jego. Ba ranar kasuwa ba ce, amma bakin hanya cike yake da masu talla. Na sayi masa mai zafi ta dala ashirin da ƙullin kwaɗon zogale, Baba ya ce masar tasu ta fi tamu tsami, ya kuma cinye shida. Mangwaro kuwa ga shi tuli-tuli kamar a ba ka kyauta, na riƙe kaina don an ce na Tsibiri ya fi.

Maradi ba zan ce na gan ta ba, jin ta na yi. Babura, masu kiran lodi, rediyo a kowace rumfa, wannan na Hausa wancan na Faransanci. Na riƙe hannun rigar Baba har muka sami motar Gidan Rumji, shi kuwa yana tafe hankali kwance, ya ce rashin ji ma yana da ranarsa. Bayan Tsibiri ido ya huta. Gulbi ya ƙafe, sai yashi fari, amma gefensa lambuna ne kore shar, mangwaro har suna taɓa ƙasa. A nan na lura da wani abu da ya ba ni mamaki. Shekara hamsin da wani abu Baba na magana irin tamu, amma muna tsallake gulbi harshensa ya juya. Na ji ya ce wa direba, “Nan munka iso, tsaya mu sabka.” Ban taɓa jin munka a bakinsa ba sai ran nan.

Daga inda muka sauka amalanken shanu muka hau, hanyar yashi ce, ƙafa na nutsewa, rana a tsakar ka. Mai amalanken bai san Baba ba, amma da ya ji inda za mu sai ya ce ai maganar gonar nan ta cika ƙauyuka, har ana caca a kan wanda zai ci. Muka isa da la'asar.

Gwaggo ta tsufa fiye da yadda nake zato, ƴar ƙarama, bakinta kuwa bai tsufa ba. Ta rungume ni ta ce na yi ƙiba irin ta masu zaman ɗaka, ta dubi Baba ta ce, “Yaya, ashe kana da sauran ƙahwa.” Aka kawo fura mai sanyi da nono na gaske. Ba mu gama sha ba sai ga sallama, wai jikan Dogo ne ya zo gaishe da baƙo. Na zaci zan ga wani mai jan ido, sai ga magidanci ɗan shekara arba'in, mai kunya, da zakara a hannu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya ajiye zakaran ya tafi. Gwaggo ta ce a mayar masa da abinsa. Baba ya ce zakara ba ya cikin shari'a, a yanka.

Kafin rana ta faɗi Gwaggo ta kai mu gonar. Ban taɓa ganin gona mai wannan siffa ba. Faɗinta bai fi taki talatin ba, tsawonta kuwa sai ido ya gaji, ba lanƙwasa ko kaɗan. Sauran masu gonaki tuni kowa ya haɗe nasa yanki da gonarsa, layin ya ɓace. Nan kaɗai ya rage yadda yake, don lokacin da aka raba gadon kakanmu wannan tsirin na gwamnati ne, ba a saka shi a rabo ba. Da mijin Gwaggo ya rasu ta dawo gida, sai ta sa hauya a ciki, ba wanda ya ce mata uffan. Daga bakin hanya jigawa ce ta gero da wake. Can ƙarshe akwai wani babban gawo, daga shi ƙasa ta gangara fadama, baƙa mai laushi. A nan take dawa da kuɓewa da yakuwa, ta ce da kuɓewar nan take sayen gishiri da sabulu har shekara ta zagayo. Baba ya tsaya a gindin gawon ya daɗe yana dubawa. Na tambaye shi ko ya gaji, ya ce a'a.

Washegari da hantsi aka taru ƙofar mai gari. Maza a tabarmi, mata a bayan darni suna leƙe, ni kaɗai aka shimfiɗa wa buzu bayan kafaɗar Baba ta dama, na ja mayafi na rufe rabin fuska. Jikan Dogo ya fara. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce shi ba ya son faɗa da tsohuwa, amma gidansu ya yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, kuma yanzu an ce kowa ya nemi hakkinsa. “Tun ina yaro nike ji ana cewa gonad Dogo. Dogo kau kakana na, kowa ya sani.” Mutane da yawa suka gyaɗa kai. Gaskiya ni ma da ban ji labarin mota ba da na gyaɗa.

Na zuba wa Baba maganar a kunne. Ya gyara zama ya tambayi mutumin ko ya iske kakansa da rai. Ya ce ƙwarai, shi ke goya shi ma.

“To tsawonshi fa?” in ji Baba.

Wani tsoho mai haƙori ɗaya a gefe ya soma ƙyaƙyatawa, ya ce wane tsawo, ai marigayi ko jaki zai hau sai ya nemi tudu. Dariya ta bi tabarmi har bayan darni. Shi kansa jikan ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce gaskiya ne, kakansa bai kai masa kafaɗa ba tun yana ɗan shekara goma sha biyar, amma bai taɓa tambayar dalilin sunan ba.

Baba ya ba su labarin awo kamar yadda ya ba mu a mota, sannan ya ƙara abin da bai faɗa ba a can. Ya ce sunan marigayi Dogo na yanka Bawa. Da nasara za su tafi sai suka ɗauke shi gadi, ya hana shuka a layin, ya hana makiyaya tuge turakun. Aka riƙa ce masa Bawa na dogo, daga baya Na-dogo, har “na” ɗin ma ya faɗi. Ashe ba gonar ce ta ci sunansa ba, shi da gonar duka sunan jirgin suka ci. Tsohon nan mai haƙori ɗaya ya daina dariya, ya ce yanzu ya tuna, kowace Juma'a bayan an sauko Bawa kan bi layin nan da sanda daga wannan kai zuwa wancan, har bayan an daina biyansa da shekaru, in an yi masa ba'a ya ce ranar da jirgi zai zo kada a iske hanya da datti.

Can jikan ya ce a hankali akwai wani dutsen siminti a gidansu da kakansa ke zama a kai yana alwala, ya hana a gusar da shi har ya mutu. Mai gari ya sa aka ɗauko. Mutum biyu suka kawo shi suna nishi, tsawonsa kamar kamu ɗaya da rabi, da lamba a gefe wadda ta kusa shafewa. Baba ya shafa shi da tafin hannu, ya ce shi ne.

Na ji Gwaggo ta yi hamdala daga bayan darni. Mai gari ya gyara rawani, kowa ya san inda hukunci ya nufa. Sai dai kafin ya yanke ya ce bari ya cika ƙa'ida, a tambayi mai shaida, shin tsirin nan duka daga gonar mahaifinsa aka yanke shi, tun daga hanya har fadama?

Baba bai ji ba, yana ta kallon turken. Ni ce zan kai masa. Ba zan ɓoye muku ba, na tuna tsayuwarsa a gindin gawo, na gane akwai magana a wurin. Na kai masa tambayar yadda aka yi ta, ban rage ba ban ƙara ba.

Ya ɗauke ido daga kan turken. Sannan ya ce, “Ranka shi daɗe, daga hanya zuwa gawo gonar babanmu ta. Daga gawo zuwa hwadama ta uban Bawa ta. Ni ar riƙe da sarƙa a wurin, ina ji tsohon na roƙon tahinta a bar mai ko kuɓewarshi shi ɗebe.”

Ba wanda ya san wannan, har shi jikan. Da Baba ya ce i kawai, da magana ta ƙare. Mai gari ya sa gawo ya zama iyaka, babban yankin na Gwaggo, gangaren fadama na gidan Bawa, kowa ya yi shuka in ruwa ya sauka. Aka shafa fatiha.

Da muka koma gida Gwaggo ba ta yi kuka ba, faɗa ta yi. Ta tsaya a gaban Baba ta ce, “Yaya, na kira ka ka tsaya min, ka taho tun daga Gazawa ka raba ni da kuɓewata.” Wannan bai buƙaci kunnena ba, ya ji da kansa. Ya ce mata, “Shaida kika kira.” Sai ta juyo kaina ta ce ni ma ban da amfani, da na raɗa masa cewa an gama a tashi, wa zai sani? Daga nan ba ta ƙara yi masa magana ba. Tuwo ta bayar na kai masa, ruwan alwala ma ni. Da safe ta raka mu har inda amalanke yake, ta cika mini ƙwarya da wake da daddawa, ta yi mini addu'a mai tsawo, shi kuwa ta ce wa mai amalanke ya bi da tsohon a hankali.

Dawowa ba mu yi hira sosai ba. Na sayi mangwaron Tsibiri, kuma da gaske ya fi. Muna wuce Cadawa hadari ya taso baƙi ƙirin daga gabas, ruwa ya kece har direba ya tsaya a gefe. Da aka ɗauke, ƙamshin ƙasa ya cika mota, kafin mu kai Agiye mun fara ganin mutane a gonaki, maza na sara da sungumi, mata na bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ana kiran magariba muka shiga Gazawa, ƙafafuna sun kumbura, na rantse ba ni ƙara zuwa ko'ina sai in dole.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan, ban da ciwon baya, shi ne a riƙa tambayar tsofaffi dalilin sunaye tun suna nan. Gari guda ya kusa raba tsohuwa da abincinta a kan kalma ɗaya, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Na kuma gane in ka ɗauko mai gaskiya ya yi maka shaida, ba rabin da kake so kaɗai zai kawo ba.

Bayan kwana goma ɗan kasuwar nan ya biyo da saƙon Gwaggo. Ta gaida ni, ta gaida mai gidana da yara kowa da sunansa, ta gaida yayyena da matansu, har ta tambayi akuyar da na ce mata tana da ciki. Baba kaɗai ba a ambata ba. Ina jin nauyi na kai masa yadda aka faɗa. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko ta yi shuka. Na ce mai saƙo ya ce ta yi, daga hanya har gawo, gero ya ma tsiro.

Ya ce, “To, gaisuwata ke nan.”